Madubin Likita: Tarihin Na'urar da Ta Nuna Mana Abin da Ido Ba Ya Gani

Abin da na zaɓa in yi magana a kai a wannan fitowa shi ne na'urar nan da muka saba kira madubin likita, wadda a aji muke ce wa maikuroskof. Sunan da Bahaushe ya laƙaba mata ya nuna inda ya fara ganinta, wato asibiti. Amma tarihinta ya faro nesa da asibiti, a hannun masu wasa gilashi da wani ɗan kasuwar yadi, kuma aikinta ya kai gona da maƙera da rijiyar mai da kotu.

Idon ɗan Adam, komai lafiyarsa, da ƙyar yake rarrabe abin da ya gaza kashi ɗaya cikin goma na milimita. Ƙwayar jinin da ke yawo a jikinmu kuwa, sai an jera kamar 130 kafin su cika milimita guda. Saboda haka duk likitocin da aka yi a duniya kafin ƙarni na 17, komai zurfin iliminsu, ba wanda ya taɓa ganin ƙwayar jini, balle abin da ke shiga cikinta ya kwantar da mutum.

Wanda ya share fage shi ne Hasan Ibnul Haisam, wanda aka haifa a Basra wajen shekarar 965, ya kuma yi yawancin aikinsa a Alƙahira. A littafinsa Kitabul Manazir, mai juzu'i bakwai, ya nuna ta hanyar gwaji cewa haske ne ke tasowa daga abu ya shiga ido, saɓanin masu cewa ido ne ke fitar da haske kamar tocila. Ya kuma bincika yadda haske ke karyewa idan ya ratsa ruwa ko gilashi. Bai ƙera madubin likita ba, kada wani ya ce na ce. Sai dai an juya littafin zuwa Latin wajen shekarar 1200, kuma malaman Turai sun daɗe suna sha daga gare shi. Wajen 1286 aka fara yin tabarau a Italiya, daga nan wasa gilashi ya zama sana'a mai ci.

A kan wanda ya fara haɗa gilashi biyu cikin bututu don ƙara girman ƙaramin abu, har yau masana tarihi ba su daina musu ba. Littattafan makaranta sukan ba wani mai tabarau na garin Middelburg a Holan, Zacharias Janssen, amma shaidar ta fito ne daga bakin ɗansa shekaru da yawa bayan haka, kuma kwanakin da ya bayar ba su daidaita ba. Abin da ya tabbata shi ne a 1624 Galileo ya aika wa abokansa a Rum da irin wannan na'ura, a 1625 wani ɗan ƙungiyarsu, Giovanni Faber, ya raɗa mata sunan da ake kiran ta da shi har gobe. A shekarar ne kuma suka buga zanen ƙudan zuma kamar yadda suka gan shi a cikinta.

Wani babban amfaninta ga likitanci ya zo a 1661. Tun 1628 William Harvey na Ingila ya ce jini zagayawa yake yi, ya bar zuciya ya komo, amma ya kasa nuna ta inda yake ƙetarewa daga jijiyoyin da ke fita zuwa waɗanda ke dawowa. Ya mutu a 1657 bai gani ba. Bayan shekara huɗu Marcello Malpighi, a Bolona ta Italiya, ya duba huhun kwaɗo ya ga 'yan siraran hanyoyin da suka haɗa su. A 1665 kuma Robert Hooke ya buga littafinsa Micrographia a Landan, ɗauke da zanen ƙuma da ƙwarƙwata manya-manya, wasu har sai an warware takardar kafin a gan su duka. Shi ne ya yanki ɓawon itacen da ake toshe kwalba da shi, ya ga ramuka a jere kamar saƙar zuma, ya kira su sel, wato 'yan ɗakuna. Kalmar da muka yi ta haddacewa a darasin bayoloji ke nan.

To, sai gwanina a wannan tarihi, Antoni van Leeuwenhoek, wanda sunansa ya sha ba mu wuya a jarrabawa. Lewanhuk ake furtawa. An haife shi a Delft ta Holan a 1632. Bai je jami'a ba, bai iya Latin ba, harshen malaman zamaninsa. Yadi yake sayarwa, kamar 'yan uwanmu na Kantin Kwari, kuma masu wannan sana'a a lokacin sukan yi amfani da gilashi don duba saƙar zare su gane mai kyau. Na'urarsa ba ta yi kama da wadda muka sani ba. 'Yar farantin tagulla ce da ba ta kai tsawon yatsa ba, an huda ta, an dasa ƙwayar gilashi guda ɗaya tak kamar kan allura, ga kuma tsinke da ake soka abin dubawa a kai. Sai an kai ta dab da ido, an fuskanci haske, an yi haƙuri. Duk da haka ta fi na Hooke nesa ba kusa ba, domin mafi kyau cikin waɗanda suka rage tana ƙara girman abu sau 260 da ɗoriya.

A 1673 ya fara aika wasiƙu ga ƙungiyar masana ta Landan, da harshen Holanci, ana fassara musu. A 1674 ya ɗebo ruwan wani tafki kusa da garinsu ya ga halittu suna iyo a ciki. A 1676 ya jiƙa masoro a ruwa na makonni, wai yana son ya gano abin da ke sa shi yaji, sai ya tarar da waɗansu halittu da suka fi na tafkin ƙanƙanta ƙwarai. Bakteriya ke nan, karo na farko da ɗan Adam ya sa su a ido. Malaman Landan suka ƙi yarda, kuma ban ga laifinsu ba: mai sayar da yadi ya ce akwai dubban dabbobi a ɗigon ruwa guda, kuma ya ƙi faɗin yadda yake yin gilashinsa. Sai da ya tara shaidu takwas, har da limaman coci, suka sa hannu cewa sun gani da idonsu, sannan Hooke ya maimaita gwajin a ƙarshen 1677 ya gani shi ma. A 1680 suka karɓe shi ɗan ƙungiya. A 1683 ya kankaro dauɗar haƙoransa da ta wani tsoho da bai taɓa wanke baki ba, ya duba, ya rubuta cewa halittun da ke bakin mutum guda sun fi mutanen ƙasarsu yawa. Duk wanda ya karanta wannan wasiƙa zai ƙara riƙe asuwaki da daraja.

Ya ci gaba da rubutu har ya mutu a 1723 yana da shekara 90. Ya ƙera na'urori ɗaruruwa, amma kamar goma ne suka tsira, kuma guda 26 da ya bar wa ƙungiyar Landan wasiyya sun ɓace a ƙarni na 19. Sirrin da ya ɓoye kuwa sai a 2021 aka tona shi, lokacin da masu bincike a Delft suka haska na'urorinsa biyu da wani irin haske mai ratsa ƙarfe ba tare da sun kwance su ba. Suka tarar gilashin da ya fi ƙarfi ɗan dunƙule ne da aka narkar daga zaren gilashi, dabarar da Hooke ya buga a fili tun 1678. Ashe abin da ya fi sauran da shi haƙuri ne da iya hannu.

Wani abin mamaki shi ne bayan mutuwarsa an shafe fiye da shekara ɗari ba a yi wani abin kirki da bakteriyar da ya gano ba. Ba wanda ya haɗa su da cuta ta hanyar hujja. Dalili ɗaya shi ne gilasan lokacin suna watsa haske, sai a ga abu da bakan gizo a gefensa, kowa ya faɗi abin da ransa ya raya masa. Wanda ya gyara wannan a 1830 shi ma ɗan kasuwa ne, Joseph Jackson Lister na Landan, wanda ya gano yadda za a jera gilasai iri biyu a tazarar da ɗaya zai gyara kuskuren ɗaya. Ɗansa Joseph Lister shi ne likitan da ya kawo tsabtace rauni da kayan fiɗa da maganin kashe ƙwayoyin cuta a 1867. Da gilashi ya gyaru sai abubuwa suka zo a jere. A 1838 da 1839 Jamusawa biyu, Schleiden da Schwann, suka ce tsiro da dabba duk da sel aka gina su. A 1858 Rudolf Virchow ya ce cuta ma a cikin sel take farawa, wanda shi ne tushen yanko tsoka a kai ɗakin gwaji idan ana zargin ciwon daji.

A garin Jena na Jamus wani maƙeri, Carl Zeiss, ya buɗe shago a 1846 yana ƙera na'urorin ta hanyar gwada wannan gilashi a cire a gwada wancan. Da ya gaji da lalube sai a 1866 ya jawo malamin lissafi Ernst Abbe. Abbe ya mayar da aikin lissafi, ya kuma gano abin da bai yi wa kowa daɗi ba. A 1873 ya nuna cewa haske kansa yana da iyaka: abubuwa biyu da tazararsu ta gaza kamar rabin tsawon igiyar hasken, ba gilashin da zai raba su. Wannan iyaka ta kama wajen milimita guda a raba ta 5,000. Shi ya sa madubin asibiti ba ya wuce sau 1,000 zuwa 1,500, in aka ƙara sai dai hoton ya yi girma ya dushe, kamar a faɗaɗa ƙaramin hoton fasfo. An sassaƙa lissafin a jikin dutsen tunawa da shi a Jena. Daga wannan shago ne kuma a 1878 aka inganta dabarar ɗiga mai tsakanin gilashin na'ura da abin dubawa, abin da duk ma'aikacin ɗakin gwaji ke yi har yau kafin ya duba jini.

Saura launi, domin yawancin ƙwayoyin cuta garau suke kamar ruwa. Nan masu rini suka shigo. Tun 1856 da aka fara haɗa rini daga kwalta, kamfanonin Jamus suka mamaye sana'ar, kuma su ne daga baya suka fito da shuɗin kanti wanda ya rage wa baban marinanmu kasuwa. Amma daga cikin rinin nasu ne Robert Koch ya samu shuɗin da ya kama ƙwayar tarin fuka. Ranar 24 ga Maris, 1882 ya tsaya gaban likitocin Balin ya jera musu na'urori suka duba da kansu, shi ya sa aka ware wannan rana ta zama ranar tarin fuka ta duniya. Ja da shuɗin da ake zuba wa majinar mai tari a asibitocinmu sun samo asali ne daga aikin Ziehl da Neelsen na waɗannan shekaru.

Yanzu bari in zo gida, domin kusan duk cutar da ta addabi ƙasar Hausa ta wannan madubi aka san fuskarta. Tsutsar tsargiya, mai sa yaran da ke wanka a kududdufi fitsarin jini, Theodor Bilharz ya gano ta a wani asibitin Alƙahira a 1851. Ƙwayar sanƙarau an gano ta a Biyana a 1887, a ruwan ƙashin bayan marasa lafiya, kuma da yawanmu ba za mu manta da annobar 1996 ba, wadda ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya ta kashe fiye da 11,000. Amosanin jini kuwa an fara bayyana shi a littattafan likita a 1910 a Shikago, da aka duba jinin wani ɗalibi baƙar fata daga tsibirin Giranada aka ga ƙwayoyin sun lanƙwashe kamar lauje. Sunan sikila daga kalmar Turanci ta lauje ya fito.

Labarin kurkunu ya fi burge ni saboda arhar maganin da ya haifar. Wajen 1870 wani Barashe, Aleksei Fedchenko, yana aiki a tsakiyar Asiya, ya ga 'ya'yan tsutsar a cikin wani ɗan ƙwaron ruwa da ido ke gani da ƙyar. Ashe ƙwaron ake sha a ruwan tafki. Tunda haka ne, ƙyalle mai ƙananan idanu ya isa ya tace shi. Da wannan ilimi, da rijiyoyin burtsatse, da hana mai ciwon shiga tafki, Nijeriya ta tashi daga masu kurkunu fiye da 650,000 a ƙidayar 1988 zuwa na ƙarshe a 2008, kuma a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an rabu da shi. Ba a yi allurar riga-kafi ko ɗaya ba, domin babu ita.

Ciwon barci da sammoren shanu kuwa ƙwaya iri ɗaya ke kawo su, mai wutsiya, mai iyo a cikin jini. David Bruce ya gan ta a jinin shanu a ƙasar Zulu a 1894, sannan a 1901 aka gan ta a jinin wani Bature mai tuƙa jirgin ruwa a kogin Gambiya. Daga baya aka tabbatar ƙudan tsando ke ɗaukar ta. A shekarun 1930 ma'aikatan ciwon barci sun bi ƙauyukan Arewa da madubin a akwati, suna lalubar ƙululu a wuyan mutane, su tsotso ruwansa da allura, su duba nan take a ƙarƙashin inuwa. Abin da suka tarar a ƙasar Zazzau shi ya sa aka sare kurmin bakin rafuffuka a yankin Anchau aka kuma kafa sabon gari mai suna Takalafiya. Dakin binciken dabbobi na Vom, wanda ya fara aiki a 1924, da cibiyar binciken ciwon barci da aka kafa a Kaduna a 1947, duk a kan wannan na'ura aikinsu ya tsayu.

Amma uwa uba zazzaɓin cizon sauro. Sunan maleriya a harshen Italiya gurɓatacciyar iska yake nufi, don sun ɗauka tururin fadama ke kawo shi. Ranar 6 ga Nuwamba, 1880 wani likitan sojan Faransa, Alphonse Laveran, yana duba ɗanyen jinin wani soja a garin Kustantin na Aljeriya, ba rini ba komai, sai ya ga wata ƙwaya ta fitar da zaruruwa suna kaɗawa suna ture ƙwayoyin jinin da ke kusa. Abin da ke motsi haka rayayye ne. Manyan malamai suka yi shekaru suna yi masa dariya kafin su sallama. Ronald Ross kuma, likitan sojan Ingila a Indiya, ya shafe fiye da shekara biyu yana feɗe sauro ɗaya bayan ɗaya a ƙarƙashin madubi cikin zafi, har ranar 20 ga Agusta, 1897 ya ga ƙwayar a jikin tumbin wani sauro da ya ciji mai zazzaɓi. Italiyawa ƙarƙashin Giovanni Grassi suka nuna cewa jinsin anofilis ne kaɗai ke kai ta ga mutum. Ross ya karɓi kyautar Nobel a 1902, Grassi bai samu ba, kuma sun yi ta gaba har mutuwa. A ganina an tauye Grassi.

Wannan zare ya biyo har Garki, wadda a lokacin take jihar Kano, yanzu Jigawa. Daga 1969 zuwa 1976 Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Nijeriya suka gudanar da ɗaya daga cikin manyan binciken maleriya da aka taɓa yi. Duk bayan mako goma ana bin ƙauyuka ana tsaga yatsun mutane, a shafa jinin a gilashi, a rina, ma'aikata su zauna su ƙirga ƙwayoyin da ido. An fesa maganin sauro a ɗakuna, an raba magani ga kowa a wasu ƙauyuka. Zazzaɓin ya ragu ƙwarai amma bai yanke ba, da aka daina sai ya komo. Sakamakon, wanda aka buga a littafi a 1980, ya nuna wa duniya cewa feshi da ƙwaya kaɗai ba za su kawar da maleriya a irin ƙasarmu ba, kuma masu lissafin yaɗuwar cuta suna amfani da alƙaluman Garki har yanzu. Duk lambar da ke cikin littafin nan, wani ne ya duƙa a kan madubi ya ƙirgo ta.

Idan na tuna wannan sai in tuna ɗakin gwajinmu na makaranta, inda muke yin layi mu shida ko bakwai a kan na'ura guda, mai ɗan madubi a ƙasa da ake juyawa ya kamo hasken taga. Fatar albasa muka fara gani, an ɗiga mata aidin, sel a jere kamar tubalin gini. Wasu a cikinmu girar idonsu kawai suka gani suka zana abin da ke littafi, malam kuma ya sani sarai. Na'urar da muke rububi a kai ta fi wadda Laveran ya yi aiki da ita.

A wajen asibiti zan taƙaita. Louis Pasteur ya ceci sana'ar siliki ta Faransa daga 1865 ta hanyar koya wa masu kiwon tsutsar su niƙa uwar bayan ta yi ƙwai su duba ta a madubi, in tana da cuta a ƙona ƙwan. Henry Sorby na Shefil ya fara goge dutse a 1849 har ya yi sirantar da haske ke ratsa shi, mutane suna yi masa ba'a wai yana duba tsauni da madubin likita. A 1863 ya juya kan ƙarfe, ya nuna cewa ƙarfinsa ya danganta da yadda ƙwayoyinsa suka jeru, abin da maƙeranmu suka sani a hannu idan suna tsoma jan ƙarfe a ruwa. Masu haƙar mai a Neja Dalta suna duba ɓawon ƙananan halittun teku da ke fitowa cikin lakar rijiya don su san shekarun dutsen da suka kai. 'Yan sanda kuma tun 1925 suna da madubi mai haɗa harsashi biyu a hoto guda, domin kowace bindiga tana barin zanenta a jikin harsashi.

Iyakar Abbe ta tsaya daram har 1931, lokacin da Ernst Ruska da Max Knoll a Balin suka ajiye haske gaba ɗaya suka yi amfani da ilaktaron, wanda igiyarsa ta fi ta haske gajarta sau dubbai, suka kuma sa maganaɗisu a madadin gilashi. A 1933 na'urar ta wuce madubin haske, a 1939 aka ga bairos na cutar ganyen taba da ita. Ruska ya jira har 1986 kafin a ba shi Nobel, yana da shekara 79. Da irin wannan na'ura aka ga ƙwayar zazzaɓin Lassa, wanda ya ɓulla a garin Lassa na Borno a 1969. An ga 'yan ɗige-ɗige a cikinta kamar yashi, shi ya sa aka raɗa wa danginta suna daga kalmar Latin ta yashi. Bairos ne kuma, wanda wani ɗan ƙwaro mai tsotsar ganye ke yaɗawa, ya lalata gyaɗar Arewa a 1975 har dalar gyaɗa ba ta sake tashi kamar da ba, ko da yake fari da kuɗin mai su ma suna da hannu.

Daga nan abin ya yi ta gudu. A 1981 masu bincike biyu na kamfanin IBM a Zurik suka ƙera na'ura mai tsinke da ke shafar abu tana jin ƙwayoyin zarra ɗaya-ɗaya, a 1989 wani ma'aikacin kamfanin ya jera zarra 35 ya rubuta sunan IBM da su. Nobel ta 2014 ta tafi ga mutum uku da suka zagaye iyakar Abbe da hasken kansa, ta hanyar kunna ƙwayoyi masu ƙyalli kaɗan-kaɗan. Ta 2017 ta tafi ga waɗanda suka gano yadda za a daskarar da abu cikin ƙiftawar ido a duba shi da ilaktaron, kuma da wannan dabara aka fitar da siffar ƙayar da ke jikin korona a Fabrairun 2020, makonni kaɗan bayan an san cutar.

Waɗannan na'urori kuɗinsu miliyoyin daloli ne, kuma suna son wutar da ba ta ɗaukewa. Wanda ya shafe mu kai tsaye shi ne tsohon madubin haske, kuma ina ganin muna neman sakin sa tun ba mu gama cin moriyarsa ba. Tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a ba da maganin maleriya sai an tabbatar da ita a jini, ko da madubi ko da ɗan katin gwajin nan na minti goma sha biyar. Katin ya yi rana, musamman a ƙauyen da babu wuta babu ma'aikaci. Sai dai ba ya faɗin yawan ƙwayoyin da ke jini, wanda likita ke bukata idan yaro ya galabaita, kuma yana iya nuna akwai cuta makonni bayan an warke. Yawancin katunan wani sinadari guda da ƙwayar ke fitarwa suke nema. A 2010 aka ba da rahoton ƙwayoyin maleriya a ƙasar Peru da ba sa fitar da sinadarin sam. Daga baya aka same su da yawa a Iritiriya, inda marasa lafiya ke zuwa da zazzaɓi kati ya ce lafiya lau, madubi kuma ya nuna jinin cike da ƙwaya. A 2016 Iritiriya ta janye wannan kati daga asibitocinta ta koma wani iri. Waɗanda suka fara lura da matsalar ma'aikatan ɗakin gwaji ne da har yanzu suke shafa jini a gilashi, su zuba rinin da Gustav Giemsa ya haɗa a Hambog a 1904, su ɗiga mai, su duba.